Ranar da Na Sa Kwat ɗin Ɗigo

Ina tsaye a bakin get, saura kwata a tashi yara, sai ga wani mutum ya tsallako titi, tef ɗin awo a wuyansa, akwatin kayan aikin abokina Ɗigo a hannunsa. Akwatin na fara gani. Shekara ashirin da uku ina ganinsa, ban taɓa ganinsa a hannun kowa ba sai mai shi.

Mutumin ya ce, "An ce in nemi mai gadin makarantar nan, wanda ake ce wa Hedimasta."

Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana haka. Na ce ni ne.

Ya ce shi tela ne a bayan kasuwa. Ɗigo ya je da safe gyara masa keke, ya gama, ya ce a miƙo masa ƙyalle ya gwada. Kafin a miƙo ya dafe ƙirji ya zauna a ƙasa. Ba su kai asibiti ba, rai ya yi halinsa.

Ban san yadda aka yi na buɗe wa yara get ba ran nan. Da suka watse na shiga ɗakin gadi na kira ƙanwar Ɗigo, Auta, wadda ke aikin jinya a birnin bakin teku. Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Can ta ce ƙasa-ƙasa, "Baban yaron nan mai neman 'yata zai zo gaisuwa. Ba zai aiko ba, da ƙafarsa zai zo. Kuma shi a saninsa kai ne yayana."

Na ce, "Na sani."

Wannan ce kunyar da nake ɗauke da ita. Amma bari in fara faɗin ko wane ne Ɗigo.

Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Shagonsa na kallon get ɗin makarantarmu, ɗan ƙarami, in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya tsaya a waje. Sunan ya samo shi ne daga faɗan da yake wa teloli kullum. In ya ga an malale keke da mai sai ransa ya ɓaci, ya ce, "Ɗigo ɗaya ya ishe shi! Keke ne, ba miya ba." Ni kuma tun ranar da ya gan ni ina korar wasu iyaye da suka tare hanya da mota, ya leƙo ya ce, "Sannu da aiki, Hedimasta." Tun daga nan haka yake kirana. Da rana nakan tsallaka mu ci abinci a kwano ɗaya. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta rasu ba su haihu ba, bai sake ba.

Yana da shekara goma sha tara iyayensu suka rasu, wata huɗu tsakani, suka bar masa Auta tana da shida. Shi ya raine ta. Bai taɓa ba ni labarin nan a jere ba, tsinta na yi guntu-guntu cikin shekaru, don in ka yabe shi sai ya tashi ya nemi abin gyarawa.

Aibinsa ke nan, in aibi ne: bai iya zama ba. In ya shiga gidanka kuna gaisawa, bakinsa na amsa maka, kunnensa na wurin ƙofar da ta yi ƙara. Ranar da ya zo duba ni ina zazzaɓi, sai da ya sa na tashi daga gadon don ƙafar gadon ɗaya tana rawa.

Duk shekara, in aka yi hutun sanyi, yakan rufe shago ya tafi wurin Auta sati biyu. Bana ya ce in raka shi. "Makaranta a rufe, me za ka yi gadi, alli? Zo ka ga teku kafin ka mutu." Na ce ba ni da kayan shiga birni. Ya ce shi ma ba shi da su, kuma ba a taɓa koro shi ba.

Yini guda muka yi a mota. Auta na zaune a bene hawa na uku, ɗaki biyu da falo, ita da 'yarta da ke aiki a kantin magani. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Daga tagar kicin ana hango ruwan tekun ta tsakanin dogayen gidaje biyu, ruwan toka, ba shuɗi kamar na littafin yara ba. Iskar garin gishiri ne da ita, tana cin ƙarfe. Sakata, kwaɗo, makamar taga, komai ya yi tsatsa. Ɗigo bai gama ajiye jaka ba ya ciro gwangwanin mai.

Auta ta ce, "Yaya, ko ruwa ba ka sha ba!"

Ya ce, "Ƙofar nan ta fi ni jin ƙishi."

Kafin kwana uku maƙwabta sun ji labarin ya zo. Wannan ta kawo fanka, waccan ta kawo tukunyar da hannunta ya cire. Ni kuwa ina falo ina shan shayi ina kallon talabijin kamar wani babban baƙo.

Ranar Laraba da yamma Auta ta fito da kwat a rataye cikin leda, ruwan toka, mai kauri, irin wanda ko taɓawa ka yi ka san ba na gwanjo ba ne. Ta ce akwai yaron da ke neman 'yarta, maganar ta yi nisa. Babansa, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, ya ce yana so ya zo shi kaɗai ya ga kawun yarinyar, tunda shi ne babba a gidan. Asabar, ƙarfe huɗu.

Ta ce, "Yaya, don Allah don Annabi, ranar nan ka sa kwat ɗin nan ka zauna a kujera. Ka zauna kawai. Kar ka taɓa ko ƙusa."

Ya gwada. Ya yi masa kyau, wallahi, sai dai ya tsaya ya ware hannuwa kamar wanda za a caje. Ya ce, "To ina aljihun sukudireba?"

'Yar ta yi dariya har da riƙe ciki. Auta ba ta yi ba. Ta ce, "Shekara nawa kana tsugune a ƙasan tebur ɗin mutane? Rana ɗaya nake so in ga an zo an gaishe ka kana zaune."

Asabar da safe muka fita bakin teku ni da shi. Sanyi na shiga har ƙashi. Na ce ba zan koma gida ban taɓa ruwan nan da hannuna ba, yaran makaranta za su tambaye ni. Ya ce kar in sauka kan duwatsun. Na sauka. Ina sunkuyawa igiyar ruwa ta taso ta jiƙa ni har ƙirji. Ɗigo ya yi dariya har da hawaye. "Ka taɓa shi, Hedimasta, shi ma ya rama."

Muka dawo haƙorana na haɗuwa. Suwaita ɗaya gare ni, ga ta sharkaf. Auta ta tafi kasuwa sayen abin tarar baƙo, 'yar tana wurin aiki. Ɗigo ya zare kwat ɗin daga leda ya yafa mini.

Na ce, "Auta za ta kashe mu."

Ya ce, "Yanzu ƙarfe ɗaya. Kafin huɗu kayanka sun sha iska. Zauna nan ka ji ɗumi."

Ya zaunar da ni a babbar kujera. Yana juyawa ya ji famfon kicin na yoyo. Ya sa tsohuwar rigar aikinsa, ya ce minti goma, ya kwanta a ƙasan wurin wanke-wanke. Daga falo ƙafafunsa kawai ake gani.

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe. Dattijo ne dogo, da tabarau da sanda, yana haki saboda matakala. Ya ce a gafarce shi, shekara talatin yana aiki da lokacin jirgi, har yanzu bai iya zuwa wuri a kan lokaci ba sai kafin lokaci. Ya dube ni, ya dubi kwat ɗin. Sai ya jingine sandar ya kama hannuna da hannuwansa biyu.

Ya ce, "Kai ne. Alhamdu lillahi. Na daɗe ina so in riƙe hannun nan."

A nan ya kamata in yi magana. Kalma huɗu ce: ba ni ba ne. Na ce a raina bari a gama gaisuwa. Aka gama gaisuwa. Na ce bari ya zauna ya huta. Ya zauna, bai saki hannuna ba.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba ruɗewa na yi ba. Daɗi na ji. Shekara ashirin da uku ina buɗe wa mutane get, suna wucewa suna kallon wayarsu. Akwai iyayen da na buɗe wa tun suna yara, yanzu nake buɗe wa 'ya'yansu, ba su san muryata ba. Yau ga babban mutum ya hau bene uku yana haki, yana duban idona. Na ce bari in ɗan ƙara minti ɗaya.

Sai ya fara. Ya ce yarinyar ta ba su labarin kawunta. Yadda ya koyi kitso don kar a yi wa ƙanwarsa dariya a makaranta, kitson ya karkace, aka yi dariyar duk da haka, bai fasa ba har ya iya. Yadda in ya gyara keken tela, da yadin rigar makarantarta yake gwadawa, har aka gama rigar a kekuna bakwai da zare kala uku. Yadda ya raka ta jarrabawar shiga makarantar jinya ya tsaya a rana tun safe har la'asar, don wai in ta leƙo ta taga ta ga wani nata. Ya ce shi ya ga manyan mutane iri-iri a tashar jirgi, amma bai taɓa tashi takanas don ya je ya gode wa wani ba sai yau.

Ya ce, "Yarinyar da za ta shigo gidana, tarbiyyarta daga uwarta ce, uwar kuma daga hannunka ta fito. Na gode. Allah ya saka maka."

Na ce, "Ba komai."

A kicin ƙarar sifana ta tsaya. Na ji lokacin da ta tsaya.

Dattijon ya ciro hankici zai share ido, hannun tabarau ɗin ya saki. Ya waiga ya ga ƙafafu a ƙofar kicin. Ya ɗaga murya ya ce, "Mai gyara! Ko kana da ɗan ƙaramin sukudireba?"

Ɗigo ya fito, gwiwar wandonsa a jiƙe, baƙin mai a goshinsa. Ya dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, da harara ce da ta fi mini sauƙi. Ya karɓi tabarau ya ce, "Akwai, ranka ya daɗe." Ya ɗaure shi da ɗan sukudireban da yake kunce allurar keke, ya goge gilashin da gefen rigarsa mai tsabta, ya miƙa. Dattijon ya karɓa yana ci gaba da yi mini magana. Ya ce, "Madalla, mai gyara," bai ɗaga kai ba.

Daidai nan Auta ta turo ƙofa da ledoji a hannu biyu. Ta ga baƙo, ta gan ni a kwat, ta ga yayanta a tsaye da sifana. Dattijon ya ce, "'Yata, kin yi sa'ar yaya. Mutum mai kamala, ga rashin son magana."

Na ga bakinta ya buɗe. Ta dubi rigar Ɗigo, ta dubi goshinsa. Ta yi jim. Wannan jim ɗin shi ne nata rabon kunyar, ita ta gaya mini haka daga baya. Kafin ta yanke shawara Ɗigo ya riga ta. Ya ce, "Uwargida, famfon kicin ya gyaru. Bari in duba na banɗaki." Ya shige ya ja ƙofa.

Sa'a guda dattijon ya ƙara. Na sha shayi da shi a cikin kwat ɗin da ya koma mini kamar buhun siminti. Da zai tafi na raka shi har ƙasa, na riƙe masa sanda.

Da na hawo na tarar Auta na kuka a kicin. "Abu ɗaya na roƙe ka, Yaya! Abu ɗaya!"

Ya ce, "Famfon na yoyo, Auta."

"Shekara biyu yana yoyo! Da ya kashe wani?"

Na cire kwat ɗin na rataye, na rasa inda zan sa idona. Na ce gobe zan je gidan dattijon in faɗa masa gaskiya. Ɗigo ya ce, "Ka je ka ce masa me? Ya hau bene uku ya zuba wa mai gadi kalamansa? Tsoho ne, kar ka ba shi kunya. A bari a kwana biyu."

Na karɓi wannan da sauri. Saurin da na yi ma wani abin kunya ne.

Da yamma 'yar ta dawo da murnarta, saurayin ya kira ta. Ta faɗa jikin Ɗigo ta ce, "Kawu, an ce ka burge Baba! Wai ba ka cika magana ba amma kwarjini kamar gwamna."

Ya ce, "Ai na yi ƙoƙari."

Sauran kwanakin hutun ban sake zuwa bakin teku ba. Muka dawo gida, aka koma makaranta. Na daina tsallakawa cin abincin rana. In ya ɗago hannu daga shago in ɗaga masa, in yi kamar ina duba rajistar baƙi. Auta kuma kullum tana cewa gobe za ta gaya wa dattijon. Sati shida muka yi a haka, sannan tela ya zo da akwatin.

Kwana biyu da binne shi muna zaune a ɗakinsa ana karɓar gaisuwa, dattijon ya iso. Yini guda ya yi a mota da tsufansa. Ya yi sallama ya shigo, ya gan ni zaune a tabarma. Sandar ta kusa kuɓuce masa. Ya ja da baya yana salati.

Auta ta yunƙura za ta yi magana, na ce ta bari, nawa ne. Na miƙe a gaban mutane, teloli da maƙwabta da malaman makarantarmu, na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba yayanta ba ne. Ni mai gadi ne, abokinsa. Kwat ɗinsa na ara ran nan don na jiƙe. Ka yi mini godiyar da ba tawa ba, na karɓa, don ta yi mini daɗi. Wanda ya rasu shi ne wanda ya ɗaure maka tabarau."

Dattijon ya nemi wuri ya zauna. Ya cire tabarau ya daɗe yana jujjuya shi.

Ya ce, "Ko fuskarsa ba zan iya tunawa ba. Ban kalle shi ba."

'Yar Auta, wadda sai a lokacin ta ji, ta tashi ta fita. Har yau ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Dattijon bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya ce wa Auta maganar yara tana nan yadda take. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa, bai ba ni hannu ba. Ya ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Maganar da na faɗa maka, ta isa wurin mai ita?"

Na ce ta isa, amma a makare.

Ga yadda aka yi. Ana jibi zai rasu, bayan an tashi yara, na ji ya ƙwala mini kira daga shago. "Hedimasta! Zo ka riƙe mini wani abu, hannuna biyu ne kawai." Na san dabara ce, amma na tsallaka. Ya kifa kan wani tsohon keke a tebur, ya ce in tallafe. Na tallafe. Yana aiki bai dube ni ba.

Ya ce, "Sati shida ina cin abinci ni kaɗai. Har na fara ƙiba."

Na ce, "Ɗigo, abin da na yi maka a gidan Auta..."

Ya ce, "Bar wannan. Ni abin da ke damuna daban. Ran nan kaina na cikin kabad, ruwa na zuba a bokiti. Na ji kitso, na ji kekuna, sauran duk ya wuce ni. Me tsohon nan ya ce?"

Sai na faɗa masa. Ban rage ko kalma ba, don kullum da su nake kwana nake tashi. Na faɗi na kitson, na faɗi na rigar da zare kala uku. Ya ce, "Huɗu ne, akwai kore a ƙasan aljihu." Na faɗi na tsayuwar rana a wurin jarrabawa. Na faɗi cewa bai taɓa tashi takanas don gode wa wani ba sai shi. Da na zo kan "daga hannunka ta fito" sai na tsaya, na sake, na kai ƙarshe.

Ya ajiye sukudireba. Tunda nake da shi ban taɓa ganin hannunsa ba komai a ciki tsawon wannan lokaci ba. Yana kallon titi.

Can ya ce, "Duk shi ya faɗi wannan?"

Na ce, "Duk."

"Kai kuma ka ce masa me?"

"Na ce ba komai."

Ya gyaɗa kai, ya goge hanci da bayan hannu.

Ya ce, "Da ni ne ma haka zan ce. Gobe ka zo da cokalinka."

Na ce, "Zan zo."